Waiwaye: yadda harshen C ya koyi miƙa struct

Mai koyon C, harshen rubuta manhajar kwamfuta, a yau yakan rubuta fankshin (guntun manhaja mai yin aiki guda) da ke dawo da struct (ƙunshin bayanai da dama a ƙarƙashin suna guda) ɗungurungum, ko a jikinsa. Da can ba haka abin yake ba. Dennis Ritchie ya ƙirƙiro C a Bell Labs wajen 1972, struct kuma ya zauna da gindinsa a 1973, shekarar da aka sake rubuta zuciyar Unix, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da harshen. Amma har a littafin da shi da Brian Kernighan suka fitar a 1978, abu biyu kacal aka yarje maka: ka ɗauki adireshin struct, ko ka taɓa wani abu da ke cikinsa. Miƙa shi ga fankshin ko karɓo shi, babu hali, sai dai ka miƙa manuni, wato adireshin inda yake a ƙwaƙwalwar ajiya.

Ba a jima ba aka sassauta. Unix bugu na 7 ya fito a 1979 da damar kwafe struct, miƙa shi da dawo da shi, ƙa'idar C ta 1989 ta hukumar ANSI, mai tsara ƙa'idoji a Amurka, ta tabbatar da hakan.

Sai dai ƙa'idar ba ta faɗi ta wace hanya kayan za su bi ba, nan kuwa gizo ke saƙa. Kwamfailar PCC ta Stephen Johnson, manhajar da ke fassara C zuwa harshen inji, takan ajiye sakamakon a wani gurbi guda tsayayye, ta ba mai kira, wato fankshin da ya nemi aikin, adireshinsa. Dabara ce mai arha, amma idan sigina, wato saƙon gaggawa daga tsarin, ta katse aiki aka sake shiga fankshin ɗin kafin na farko ya kwashe nasa, sabo ya taka tsoho. Daga baya aka koma ga cewa mai kira ne zai tanadi wuri, ya miƙa adireshinsa a ɓoye.

Har yau kowa da kiɗansa. A Linux kan x86-64, wato furosesa irin ta Intel da AMD mai bit 64, struct na cikakkun lambobi da bai wuce bayit 16 ba yana dawowa cikin rajista, ƙananan ma'aji da ke cikin furosesar kanta: RAX, da RDX idan ya wuce bayit 8. Wanda ya fi haka, adireshin ɓoye yana shiga rajistar RDI. Windows kuwa bayit 1, 2, 4 ko 8 kawai take sakawa a rajista. Furosesar ARM mai bit 64 ta ware rajistar x8 don wannan adireshi.

Shi ya sa nake ganin tsohuwar shawarar nan ta "kullum ka miƙa manuni" gadon zamanin PDP-11 ce, tsohuwar kwamfutar da aka fara C a kanta. Struct mai lambobi biyu, a Linux, ko ƙwaƙwalwar ajiya ba lallai ya taɓa ba.