Mai ciwon sukari da giya a wajen biki: tambayoyi da amsoshi

Ga Musulmi maganar a rufe take, addini ya haramta giya. Amma masu jin Hausa ba Musulmi kaɗai ba ne. Lokacin Kirsimeti ko bikin aure a Jos, Kafanchan ko arewacin Ghana, burukutu da pito da giyar kwalba kan zagaya, kuma cikin mazauna wurin akwai masu ciwon sukari da suka rage tuwo da shinkafa da biredi don sukarinsu ya daidaita. Su da iyalansu ne wannan bayani ya shafa.

Ba ɗaga sukari giya ke yi ba?

Tana iya ɗaga shi da farko, musamman burukutu da giyar kwalba, tunda daga hatsi ake yin su. Babban haɗarin yana zuwa ne daga baya. Idan mutum bai ci abinci ba, ko yana barci, hanta ce ke sako sukari cikin jini kaɗan-kaɗan don kada ya faɗi. Da giya ta shiga jiki sai hanta ta duƙufa wajen sarrafa ta, aikin haɗa sabon sukari ya tsaya. Shi ya sa mutum zai baro biki lafiya lau, ya kwanta, sukari ya faɗi cikin tsakar dare ba wanda ya sani. Wannan haɗari na iya kaiwa awa 24 bayan sha.

To mene ne haɗin wannan da rage abinci mai sitaci?

Hanta na da ɗan rumbun da take ajiye sukari, kuma daga sitaci take cika shi. Wanda ya rage sitaci ajiyarsa ƙarama ce, jikinsa ya fi dogara da sabon sukarin da hanta ke haɗawa, wato ainihin aikin da giya ke tsayarwa. Abin da ya saba sha a da ba tare da matsala ba, yanzu yana iya kayar da shi.

Magungunan fa?

A nan ne na fi jin tsoro. Mai yin allurar insulin, ko mai shan glibenclamide, glimepiride ko gliclazide, shi ya fi kowa shiga haɗari, domin maganin zai ci gaba da sauke sukari alhali hanta ba ta kawo ɗauki. Metformin da shan giya mai yawa kan iya tara wani asid a jini. Masu shan empagliflozin ko dapagliflozin kuwa, idan rage sitaci da giya suka haɗu musu, jini na iya yin tsami ko da na'urar gwaji ta nuna sukari bai hau sosai ba. Alamunsa amai, ciwon ciki da numfashi sama-sama, kuma wannan na asibiti ne nan take. Kowa ya tambayi likitansa tun kafin ranar biki.

An ce giya mai ƙarfi ba ta da sitaci, ke nan ta fi?

Gaskiya ne wiski da giyar jin (gin) ba su da sitaci, amma hanta ba ruwanta da wannan, barasar ce ke tsayar da aikinta. Ƙungiyar masu ciwon sukari ta Amurka ta ce wanda zai sha kada ya wuce awo 1 a rana ga mace, awo 2 ga namiji. Awo ɗaya kusan mililita 350 ne na giyar kwalba, don haka babbar kwalba mai santilita 60 ta kusa awo biyu ita kaɗai. Burukutu kuwa ƙarfinsa ya danganta da mai dafa shi, ƙwarya ba ta da rubutu a jiki. A ganina barin ta gaba ɗaya ya fi. Wanda ya ce sai ya sha, kada ya sha da yunwa, ya gwada sukarinsa kafin ya kwanta, kuma ranar ya ci ɗan abu mai sitaci.

Yaya za a bambanta maye da faɗuwar sukari?

Da ido, da wuya. Tangaɗi, harɗewar harshe, jiri da ruɗewa duk suna cikin biyun, shi ya sa ake cewa "ƙyale shi ya yi barci, ya bugu ne". Zufa mai sanyi da makyarkyata su ne abin lura. A gwada. Idan sukari ya yi ƙasa da 70 a na'urar da ke amfani da ma'aunin mg/dL, ko 3.9 a mai amfani da ma'aunin mmol/L, a ba shi babban cokali ɗaya na sukari ko zuma, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, a sake gwadawa bayan minti 15. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti, a gaya musu yana da ciwon sukari kuma ya sha giya.

Wanda ba ya shan giya fa, ya tsira?

Ya tsira daga wannan, amma ya kula da abin da ake miƙo masa. Kwalbar Coca-Cola mai santilita 35 na ɗauke da kusan ƙaramin cokali 9 na sukari, lemun malt shi ma zaƙi ne zalla, kunun aya kuwa da dabino da sukari ake haɗa shi. A roƙi masu biki su ɗebar masa zoɓo kafin a zuba sukari, ko ya riƙe gorar ruwansa ya ci namansa.