Kada a binne dashe da buhunsa a ɗaure

Jama'ar Damagaram, damina ta kankama, ga 3 ga Agusta na tafe, ranar dashen itatuwa a Nijar. Masu renon itatuwa sun fara fito da mangwaro, lemun tsami da gwaba. Ƙananan suna zuwa cikin leda, manyan kuwa an haƙo su da curin ƙasarsu an naɗe da buhun algarara. A kan waɗannan manyan nake son mu yi magana, don sun fi tsada kuma sun fi saurin mutuwa a hannun mai gaggawa.

Itacen da aka haƙo ya riga ya bar yawancin saiwoyinsa a inda ya taso. Ɗan abin da ya rage yana cikin curin nan. Saboda haka a tallabo shi ta ƙasa, kada a ɗaga shi ta kara, kuma kada yaro ya diro da shi daga kan amalanke. In curin ya farfashe, siraran saiwoyin da ke shan ruwa sun tsinke ke nan.

Rami ya ninka curin sau 2 a faɗi, amma zurfinsa kada ya wuce tsayin curin. Inda kara ya haɗu da saiwa ya tsaya daidai da bakin ƙasa. Mutanenmu na son zurfafawa wai don iska, alhali wuyan itace in ya nutse ruɓewa yake yi.

Sai an zaunar da shi cikin rami sannan a yanke igiya duka, musamman wadda ta zagaye kara, don ita ke shaƙe itace in ya yi kauri. A buɗe buhun, a yanke na sama da na gefe a fitar. Wanda curin ya danne a ƙasa a bar shi, in dai algarara ce. Za ku ji ana cewa ai buhu ruɓewa yake yi da kansa. A ƙasa mai laima haka ne. A yashin nan namu, inda ruwan sama ke ɗaukewa wajen ƙarshen Satumba, yana daɗewa, ga shi yana jawo gara. Bakinsa kuma in ya leƙo waje, zuƙe danshin curin yake yi kamar lagwani.

Wani buhun na roba ne, ido ba ya rabewa. A zare zare ɗaya a kyasta masa ashana: algarara toka take zama, roba narkewa take ta dunƙule. Na roba a cire shi kakaf.

A mayar da ƙasar ramin da ɗan taki ruɓaɓɓe, ban da ɗanyen kashin shanu. A danna da hannu, a yi masa gurbi kewaye, a zuba bokiti 2 a hankali a kan curin kansa. Da marece ake dashe. Kafin a bar wurin a kewaye shi da ƙaya ko darni, awakin unguwa ba sa jiran gobe.