Shaye-shaye a Unguwannin Jos: Abin da Iyaye Suke Tambaya

Daga Rikkos zuwa Gangare, daga Unguwar Rogo zuwa Nasarawa, da wuya ka sami layin da babu gida ɗaya da ƙwaya ta taɓa. Sai dai maganar a raɗe ake yin ta, don gudun abin kunya.

Shin abin ya kai yadda ake kururutawa?

Ya kai. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da haɗin gwiwar UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a 2018 ya nuna a Najeriya mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. Wiwi ce kan gaba da miliyan 10.6, sai tiramol da danginsa miliyan 4.6, sai maganin tari mai kodin miliyan 2.4. Kuma cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Wannan na ƙarshen shi ne muka fi ƙin ji.

Ba gwamnati ta hana kodin ba?

Ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018, bayan wani bincike na BBC. Kwalba ta yi tsada, sai yara suka koma kan abin da aljihunsu zai iya: tiramol, roci (ƙwayar sa barci), sholisho. Tiramol ɗin da likita yake rubutawa mai miligiram 50 ne ko 100, amma wanda dila yake sayarwa yakan kai 225. Shi ne yake jefa yaro cikin jijjiga kamar mai farfaɗiya.

Ta yaya uwa za ta gane ɗanta ya fara?

Ta lura da canji. Yaron da ke zama cin tuwo da 'yan'uwansa ya koma ɗaukar kwanonsa ya shige ɗaki. Barci da rana, yawo da dare. Magana tana jan jiki, ido ya kaɗa, ga robar lemo a hannu wadda ba ya yarda kowa ya kurɓa. Daga nan kuɗin cefane ya fara raguwa a ƙarƙashin katifa, wayar ƙanwarsa ta ɓata, a yi ta zargin 'yar aiki ko almajirin gida. Alama ɗaya ba hujja ba ce, amma in sun taru, a zaunar da shi a tambaye shi cikin natsuwa, ba a gaban ƙannensa ba.

Ya rantse da Alƙur'ani ya daina, kuma ya koma. Raini ne?

Yawanci ba raini ba ne, kuma nan ne iyaye suka fi karaya. Lokacin da ya yi rantsuwar, da gaske yake. Amma jikin da ya saba da tiramol ko kodin, in aka yanke masa, cikin kwana ɗaya zai fara zufa, hamma, majina, zawo, ciwon gaɓoɓi, ga barci ya ƙaurace. Yaron ya san ƙwaya ɗaya za ta ɗauke masa wannan azaba cikin mintoci. A wannan matakin ba daɗi yake nema ba, tsira yake nema. Masu shan roci kuwa, daina shi farat ɗaya yana iya jawo jijjiga mai hatsari, shi ya sa likita yake rage shi sannu a hankali. Komawa bayan an daina wani ɓangare ne na cutar. Uban da ya ce "na sallama shi" a komawar farko, ya miƙa ɗansa ne ga dila hannu da hannu.

To, a kai shi gidan mari?

A'a. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019: sama da mutum 300, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Sarƙa tana hana ƙafa tafiya, ba ta cire sha'awar daga ƙwaƙwalwa. Addu'a da nasihar malam suna da babban matsayi, a haɗa su da asibiti. A nan Jos, asibitin koyarwa na JUTH yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, hukumar NDLEA ma, ban da kame, tana da masu ba da shawara. Zuwa wannan sashe ba ya nufin yaro ya haukace.

Me ɓoyewa take jawo wa gida?

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Uwa ta biya bashin da ya ci a ɓoye don kada Malam ya ji, ta sayar da ɗan kunnenta, hawan jini ya kama ta. Ƙanne su tashi cikin tsoro, masu neman auren 'yan matan gidan su ja da baya. Mafi muni shi ne a yi masa aure wai ko zai natsu, a jefa 'yar mutane cikin wutar da ba ta san da ita ba. Mace mai sha kuwa ta fi shiga uku, domin ita ko asibitin ba a yarda a kai ta, kada a gani.

Ina matasa suka shigo?

Su ne suke fara gani. Abokin majalisa ya san ranar da yaro ya fara, wata da watanni kafin mahaifinsa ya ji. Ni a ganina, tattakin ranar 26 ga Yuni, ranar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta duniya, da riguna iri ɗaya bai kai aikin kocin ƙwallon unguwa ba, wanda zai bi ɗan wasansa har gida in ya daina zuwa atisaye. Matasan unguwa za su iya raka abokinsu asibiti, su nema masa gurbin koyon sana'a a gareji ko shagon ɗinki, su ba wanda ya daina dama ya yi wa ƙannensa magana a Islamiyya, don shi za su fi saurara. Abin da bai kamata ba shi ne ɗaukar gora a yi wa mashayi duka. Maganar dila kuma a kai wa mai unguwa da hukuma.

In aka tarar da shi a sheme fa?

A kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa madara, manja ko ruwa. In yana jijjiga, kada a cusa masa cokali a baki. In numfashinsa yana ja da ƙyar ko leɓɓansa sun canja launi, a sa shi a Keke Napep zuwa asibiti mafi kusa, a tafi da kwalin abin da ya sha, a kuma faɗa wa likita gaskiya.