Waiwaye: Cinikin bayi a Kano da yadda ya raba uwa da ɗa

In ana maganar bauta yawanci hankalinmu Amurka yake tafiya, jiragen ruwa da gonakin auduga, amma fa mu ma nan Kano an yi ta, kuma ba kaɗan ba. Kasuwar Kurmi ɗin nan da muke alfahari da ita tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, har da mutane an kasa a cikinta. Clapperton, wani Bature matafiyi da ya shigo gari a 1824, ƙiyasinsa fiye da rabin mutanen birni bayi ne, shi kuma Barth, wani Baturen matafiyi, a 1851 ya ce waɗanda ake fita da su duk shekara sun kai wajen 5,000, wasu a bi da su Sahara har Ghat da Tarabulus, wasu Barno, wasu Nufe.

Ta hari ake samo su. Kanawa su kai wa yankin Ningi da Warji, Ningawa su rama a kudancin Kano, Damagaram ma ta taɓa mu ta arewa, sannan lokacin Yaƙin Basasa daga 1893 abin ya ƙazanta, ɗa musulmi ma in an kama shi sai dai dangi su yi ta fafutukar kuɗin fansa, in babu kuma shi ke nan.

Abin da ya fi ci min rai shi ne rabon. Gida ɗaya za a kamo, a raba ganima, uba ya faɗa hannun wani a tura shi noma a gandu irin na Dorayi ko Fanisau, uwa a sai da ita ga fatake, yarinya in tana da kyau ta zama ƙwarƙwara, yaro kuma ya tashi a gidan da ba mai jin yarensu, a sauya masa suna ya koma Nasamu ko Allah-bar-Sarki, cikin 'yan shekaru ko sunan garinsu ba zai iya kawowa ba. Alhali addini bai bar wannan a sake ba wallahi, akwai hadisi cewa duk wanda ya raba uwa da ɗanta Allah zai raba shi da masoyansa ranar ƙiyama, kuma a Risala da ake karantawa a zaurukan garin nan an ce ba a raba su a ciniki sai yaro ya yi famfara. An san hukuncin, kwaɗayin wuri ne ya fi ƙarfin masu yi.

Mutane kan kawo Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, wai ai bayin sarki sun fi 'ya'ya da yawa iko. Gaskiya ne sun yi iko, amma su nawa ne? Kuma ko mai murgu da ke neman na kansa yana biyan ubangida, 'ya'yan da baiwa ta haifa masa cucanawa ne, na ubangidanta ne ba nasa ba.

Dorugu misali ne, yana yaro aka kama shi a ƙasar Damagaram aka raba shi da iyayensa, aka kai shi Kukawa, daga baya ya bi Barth har Ingila, a nan Kano ya rasu a 1912. Shi ya samu aka rubuta labarinsa, dubbai ba wanda ya tambaye su.

Turawa sun ci Kano a 1903 sun rufe kasuwar bayi, dokarsu ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, sai dai ba su saki waɗanda ke hannu ba, sai mutum ya fanshi kansa a gaban alƙali, bautar kanta sai 1936 aka soke ta gaba ɗaya. Ba wani shiri da aka yi na haɗa mutane da danginsu. Jikokinsu suna nan tare da mu, kuma har yau akwai gidajen da in aka zo binciken aure ake raɗa cewa ba su da asali a hana su, kan laifin da aka yi wa kakanninsu.