Wee Heavy: Yadda Ake Ɗanɗana da Tantance Giyar Sikotlan Mai Ƙarfi

Wee Heavy, wadda a Amurka da Beljiyam aka fi sani da Scotch Ale, giya ce mai kauri da ƙarfi da ake yi da tsiron sha'ir. Asalinta Sikotlan ne, musamman Edinbura da kewayenta. Launinta daga jan-ƙarfe ne zuwa ruwan ƙasa mai duhu, zaƙin tsiro ne ke mulki a cikinta, ɗacin furen hof (tsiron da ake sa wa giya don ɗaci da ƙamshi) kuwa ɗan rakiya ne kawai. A ƙarni na 19 masu dafa giya a Sikotlan suna kiran giyarsu da farashin ganga a sule: mai sule 60, mai sule 70, mai sule 80. Daga sule 90 zuwa sama ake shiga sahun masu ƙarfi. Ma'anar sunan Wee Heavy ita ce "ƙarama mai nauyi", saboda a ƙananan kwalabe ake sayar da ita.

Cikin waɗanda ake auna sauran da su akwai Traquair House Ale, mai barasa kashi 7.2, wadda Peter Maxwell Stuart ya farfaɗo da ita a 1965 a tsohon gidan dafa giya na gidansu kusa da Innerleithen. Akwai Skull Splitter ta tsibiran Orkney mai kashi 8.5, sai Old Chub ta kamfanin Oskar Blues a Kolorado mai kashi 8.

Ma'aunin da ake bi

Mafi yawan gasannin ƙananan masu dafa giya suna bin ƙa'idojin BJCP, ƙungiyar tantance alƙalan gasar giya, wadda aka kafa a Amurka a 1985. A kundinta wannan giya tana rukuni na 17C. Kaurin ruwan tsiro (in aka ɗauki na ruwa zalla a matsayin 1.000) kafin a sa yis 1.070 zuwa 1.130 ne, bayan yis ya gama aiki 1.018 zuwa 1.040. Barasa kashi 6.5 zuwa 10, ɗaci 17 zuwa 35 a ma'aunin IBU, launi 14 zuwa 25 a ma'aunin SRM. Lambar da ta fi faɗa wa alƙalin gasa magana ita ce ta kaurin bayan yis ya gama aiki: giyar da ta tsaya a 1.030 akwai sauran sukari sosai a cikinta, kuma da gangan aka bar shi.

Maki 50 ake rabawa: ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda take a baki 5, ra'ayin alƙali a dunƙule 10. Daga 45 zuwa 50 ta yi fice, 38 zuwa 44 ta yi kyau ƙwarai, ƙasa da 14 kuwa akwai babbar matsala. Alƙali ba abin da ransa ke so yake aunawa ba; yana duba ne ko giyar ta cika sharuɗɗan rukunin da aka shigar da ita.

Yadda ake ɗanɗanawa

Ana kawo ta da sanyin digiri 10 zuwa 13 a ma'aunin Celsius. In ta fi haka sanyi ƙamshin tsiro yakan ɓuya, sai alƙali ya rufe kofin da tafin hannu ya ɗan jira. Ana zuba kamar mililita 60 a kofi mai tsabta, a shinshina nan take, domin wasu ƙamshin ba sa wuce minti ɗaya. Shinshina gajeru biyu ko uku sun fi dogon jan numfashi, wanda ke gajiyar da hanci. Daga nan a ɗaga kofin a haske: ana son ta washe, da ɗan ja-ja a gefe, kumfa mai launin ƙasa-ƙasa. Kumfar ba lallai ta daɗe ba, barasa mai yawa na kashe ta, don haka ba a cika rage maki a nan ba.

Kurɓar farko a bar ta ta zagaya baki kafin a haɗiye. Alƙalan giyar sha'ir suna haɗiyewa, ba kamar na giyar inabi ba, saboda a bayan haɗiya ake gane ko zaƙin ya sauka ko ya manne. Abin da ake nema shi ne zaƙi mai zurfi irin na mazarƙwaila ko sukarin da aka narkar har ya yi ja, da ɗan ƙamshin gasasshen burodi, da busasshen inabi ko dabino. Ɗan ƙauri-ƙauri a ƙarshe, daga gasasshen sha'ir da bai wuce kashi 1 zuwa 3 na hatsin ba, shi ke hana ta gundura. Tsakanin kofi da kofi sai ruwa da biskit marar gishiri, kuma masu ƙarfi irin wannan ana barinsu zuwa ƙarshen jeri.

Inda alƙalai ke tuntuɓe

Wahalar wannan rukuni ita ce kowane aibi yana da ɗan'uwa halastacce mai kama da shi.

Na farko shi ne sinadarin dayasetil, mai ƙamshin man shanu. Yis ne ke samar da shi, shi ne kuma ke sake shanye shi in an ba shi lokaci. In aka raba giya da yis da wuri, ko aka sanyaya ta kafin ta gama, sai ya zauna. Yana rikicewa da ƙamshin sukarin da aka ƙona, musamman a giyar masu ɗibar lita 2 zuwa 4 na ruwan tsiro na farko su dafa shi daban har ya yi kauri kamar maɗi. Sau da yawa ana rage wa irin wannan giya maki a kan laifin da ba ta yi ba. Abin da ke raba gardama shi ne harshe: dayasetil yana barin santsi kamar an shafa mai a dasashi, ƙonannen sukari ba ya yin haka.

Na biyu, zaƙin da bai nuna ba. In yis ya yi kaɗan, ko iskar oksijin ba ta ishe shi a farko ba, yakan gaji a tsakiya, giyar ta fito tana ɗanɗanon ɗanyen ruwan tsiro, mai danƙo. Sau da yawa sinadarin asetaldehaid na biye da shi, mai warin ɗanyen tuffa.

Na uku, zafin barasa. Ɗumi a ƙirji daidai ne. Amma in tana ƙona maƙogwaro tana warin fenti, to an bar yis ya yi aiki cikin zafi. Shi ya sa ake riƙe ta a digiri 15 zuwa 18 yayin da yis ke aiki, a kuma ajiye ta watanni kafin gasa.

Sai batun hayaƙi, wanda ya fi kowanne jawo musu. Masu dafawa da yawa a Amurka sun saba zuba tsiron da aka busar da hayaƙin fit, wato baƙar ƙasar fadama da ake ƙonawa, suna ganin haka ne ya sa ta zama ta Sikotlan. Wannan al'adar masu wiski ce. Ƙa'idojin BJCP na 2015 sun nuna irin wannan tsiro bai dace da rukunin ba, mai hayaƙi sai ta tafi rukunin giya mai hayaƙi. Akwai kuma warin da ke shigar burtu a matsayin hayaƙi alhali aibi ne: warin asibiti ko filasta, wanda ke fitowa daga kilorin na ruwan famfo ko daga baƙon yis da ya shiga tukunya.

Tsufa ma fuska biyu gare shi. Kwalbar da ta shekara ɗaya ko biyu takan samu ƙamshi irin na giyar inabin da ake kira sheri, ana kuma yaba wannan. In iska ta shige ta lokacin ɗurawa, sai ta koma warin jiƙaƙƙen kwali.

A takardar maki ana son alƙali ya rubuta abin da ya ji da ƙarfinsa, kaɗan ne ko matsakaici ko mai yawa, sannan ya ba da gyara takamaimai, misali a ɗaga zafin zuwa digiri 20 na kwana biyu ko uku a ƙarshen aikin yis don ya samu ya share dayasetil. Alƙalai biyu ko uku ke zama a kan kwalba ɗaya, kowa ya rubuta nasa shiru, sannan su tattauna har makinsu ya kusanci juna, yawanci tazarar kada ta wuce 5 zuwa 7.