Shingen lambu a gefen tsohuwar katangar dutse: a bar gindinta lafiya

Da zarar an gama girbi aka saki awaki da tumaki, mai lambu a Bukuru ko Barikin Ladi ko Mangu ba ya da kwanciyar hankali sai ya kewaye kabejinsa da karas da latas. Lambuna da yawa a nan Filato suna jingine da tsohuwar katangar dutse da aka gada, irin wadda aka jera ba siminti ba laka, nan ta yi tudu, can ta rufta, gaba kuma ta yi ciki. Abin da muke yawan tararwa idan mun fita zagaye shi ne mutum ya haƙa ramukan dirka dab da gindin katangar, ko ya cusa ƙarfe tsakanin duwatsun ya ɗaura waya, wai don ya rage kashe kuɗi. 'Yan'uwa manoma, wannan araha ce mai tsada.

Irin wannan katanga nauyinta ne ke riƙe da ita. Ba ta da tushe mai zurfi, manyan duwatsun ƙasa suna zaune ne kan ƙasar da ta daddale shekara da shekaru. Ka haƙa rami a gefensu, ka sassauta abin da ya tokare su. Ba za ka ga komai ba a rani. Sai ruwan Yuli da Agusta ya jiƙa ƙasa, ka wayi gari katanga ta kwanta kan shukarka, ta tafi da shingen. Jos na samun ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, kuma yawancin lambunanmu a gangare suke, don haka ƴan ramukan da ke tsakanin duwatsun nan su ne hanyar ruwa. Wanda ya liƙe su da siminti don katanga ta yi kyau ya tare ruwa a bayanta, ruwan kuma zai nemi hanyarsa da ƙarfi. Mutanen Sukur a jihar Adamawa, waɗanda UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa ƙasarsu cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, da irin wannan jeren dutsen suke riƙe gonakinsu a kan tsauni tun kaka da kakanni.

To, shinge ya tsaya da ƙafarsa. Kafin a sa diga a ƙasa, a kira maƙwabci, in da hali har da mai unguwa, domin sau da yawa katangar ita ce iyaka, kuma rigimar taku ɗaya na ƙasa ta fi ɓarnar akuya daɗewa. Sannan a kafa turke a kowane ƙarshe, a ja igiya ta miƙe. Igiyar za a bi, kada a bi karkacewar katanga. A nemi inda katangar ta fi turo ciki, daga nan a auna kamar mita 1, wato babban taku guda. Na san wasu za su ce an yi asarar fili. Amma wannan ɗan lungun shi ne inda za ka shiga da fartanya ka share ciyawa, ka mayar da dutsen da ya faɗo. In ka bar tazarar da hannu kawai ke shiga, ka gina wa ɓera da maciji ɗaki. Kububuwa na son ƙarƙashin dutse, mutanen yankin Langtang sun san zafinta, shi ya sa ake kai masu saran maciji asibitin Zamko. Duk mai taɓa tsohon dutse ya sa takalmin roba mai tsawo, ya fara juya shi da sanda kafin ya kai hannu.

Dirkoki a ba su tazarar mita 2 zuwa 2 da rabi, ramin kuma ya kai santimita 50 zuwa 60, na kusurwa ya fi haka, a yi masa tokara. Itacen turare shi ya fi samuwa a nan, sai dai gara ba ta raga masa. A ɓare ɓawon, a babbake gindin a wuta har ya yi baƙi kafin a binne. Baƙin mai da wasu ke zubawa a rami, ban ba da shawararsa ba a wurin da ake shuka abin ci. Inda diga ta ci karo da fa, kada a wahala: a naɗe ragar waya kamar kwando, a tsayar da dirkar a tsakiya, a cika da duwatsu. Duwatsun a tsinto su a gona, kada a zare daga jikin katangar.

A gangare, kada a ja raga a karkace har ƙasanta ya bar ƙofa. A sauke ta daki-daki, daga dirka zuwa dirka, kan kowace dirka a tsaye sak. Akuya ta fi shiga ta ƙasa, saboda haka a binne bakin ragar kaɗan ko a danne da duwatsu. Akwai kuma abin da ake mantawa: akuya za ta hau katangar ta mayar da ita matakala. Shinge mai tsayin mita 1.2 ya isa a fili, amma inda katanga ta yi tudu a ɗaga shi zuwa mita 1.5 ko fiye, ko a ƙara zaren waya biyu a sama.

Wanda ba shi da kuɗin raga zai iya yin dangar kara a kan wannan layin dai, ya dasa ƙerana ko bini-da-zugu a jikinta don su zama shingen dindindin. Ƙerana dai ruwanta na ƙona ido, a hana yara yankanta. Itace mai babbar saiwa kuwa, ko zogale ne, a nisanta shi da katangar, don saiwa na ture dutse a hankali. Idan an gama, sai a sa ƴar ƙofa a bakin lungun nan, a riƙa shiga ana share shi kafin faɗuwar damina da bayan ɗaukewarta.