Mazarin kurmi: me ya sa yake neman ɓacewa alhali namu na nan birjik?

Ga mazari cike da bakin kogin Isa, wace ɓacewa kuma ake magana?

Waɗanda muke gani a gonakin shinkafa na Saga nan Yamai, ko a tabkin Tabalak can jihar Tawa, ƴan jure wahala ne. Akwai wani mai ruwan ɗorawa da ke bin iskar damina, har tekun Indiya yake ƙetarawa zuwa gabashin Afirka. Kududdufin ruwan sama ma ya ishe shi, cikin mako shida ƴaƴansa sun tashi. Na kurmi kuwa ba su da wannan ƙarfin hali. A 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta duba iri 6,016 na dangin mazari, ta tarar kashi 16 cikin 100 na cikin haɗarin ƙarewa.

Wanne ne ya fi shiga uku?

Akwai wani siriri mai dogon ciki a duwatsun Usambara na Tanzaniya, masana na ce masa Amanipodagrion gilliesi, an bayyana shi a 1962. Inda aka san shi da zama wani ɗan rafi ne a kurmin Amani, tsawon wurin bai wuce mita 500 ba. Dajin da ke kewaye an daɗe da sare shi, an shuka ganyen shayi.

To ba yana da fukafukai ba? Ya yi ƙaura mana.

Ina zai je? Yawancin rayuwar mazari a cikin ruwa take. Ɗansa na kwance cikin ruɓaɓɓen ganye a ƙasan rafi, leɓensa na ƙasa a naɗe ƙarƙashin kai. Da abinci ya gitta sai ya harba leɓen ya cafko. Haka zai yi watanni, wani irin ma shekaru, kafin ya hau kara ya fasa ɓawo ya bushe fukafukai. Na kurmi sai da inuwa da ruwa mai sanyi, garai-garai. An sare itatuwa, rana ta dafa ruwan, yashi ya cike rafin, shi ke nan, sai mazarin sarari ya gaje wurin.

Muna da irin wannan wuri a Nijar?

Kurmi irin na Usambara dai babu. Abin da ya fi kusa shi ne ƴan duhuwar itatuwa a bakin Tapoa da Mekuru cikin gandun dajin W, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin wuraren gado na duniya a 1996. Sai dai giwa da ɓauna ake yi wa hidima, ƙwaro ba mai ta tasa.

Mai garka fa, ina ruwansa?

Mazari ba ya harbi, kuma babba da ƙarami sauro suke ci, ko da yake wannan ba hujjar ajiye gidan sauro ba ce. Cikin abin da ke kashe ƴaƴansa akwai maganin feshi. Mai albasa da ya gama feshi ya wanke famfonsa nesa da tabki, ya kuma bar ciyawar bakin ruwa, don a kanta suke hawa su fasa ɓawo.